Namiji ne ko mace? Tambayoyi da amsoshi kan kifin ram ga masu kiwo a Jos

Akwai masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Jos, kuma duk wanda ya ɗan daɗe a harkar sai ya kai ga sha'awar ganin kifinsa ya hayayyafa a gabansa. Ram na cikin waɗanda suka fi jan ido, sai dai rarrabe namiji da mace a cikinsa yana ba mutane wahala, har da masu sayarwa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da ya kamata mai kiwo ya sani kafin ya zaro kuɗinsa.

Wane irin kifi ne ram, kuma daga ina ya fito?

Ɗan ƙaramin kifi ne daga dangin sikilid, wato dangi ɗaya da karfasar da muke soyawa, sai dai shi tsawonsa bai cika wuce santimita 5 zuwa 6 ba. Asalinsa yankin kogin Orinoko ne, a filayen ciyawa na ƙasashen Benezuwela da Kolombiya, inda yake zaune a ƙananan tafkuna da ƙoramu marasa zurfi da rana ke gasawa. Masana biyu, George Myers da Robert Harry, su suka fara bayyana shi a rubuce a 1948, aka kuma laƙaba masa sunan Manuel Ramirez, wanda ke kamo shi yana kaiwa kasuwa. Sunansa na kimiyya a yau Mikrogeophagus ramirezi. Ka riƙe maganar ruwan ɗumi ɗin nan, domin a Jos ita ce rabin matsalar.

Wace alama ce ta fi sauƙin gani?

Cikin mace. Macen da ta balaga kuma take cikin ƙoshin lafiya, cikinta yana ɗaukar launin ruwan hoda, wani lokaci har ya kusa zama ja in ta cika da ƙwai. Namiji ba ya yin haka. Nasa cikin ruwan ɗorawa ne ko fari-fari mai ɗan shuɗi. Idan ka ga ruwan hodar nan ya fito sosai, ba sai ka yi dogon bincike ba, mace ce.

Inda ake faɗawa rami shi ne a juya maganar, a ce duk wanda ba shi da ruwan hoda namiji ne. Macen da ba ta kai ba, ko wadda ta sha doguwar tafiya a leda, ko wadda ta gama zuba ƙwai jiya, cikinta na iya koɗewa ya zama kamar na namiji. Ganin launin hujja ce, rashin ganinsa ba hujja ba ce.

An ce a duba baƙin tabon da ke gefensa. Me ake nema a ciki?

A tsakiyar jikin ram, ƙasa da fiffiken gadon baya, akwai baƙin tabo zagayayye. A jikin mace za ka ga ɗige-ɗigen shuɗi masu ƙyalli sun shiga har cikin baƙin, sun yi masa yayyafi. A jikin namiji tabon baƙi ƙirin ne, shuɗin yana tsayawa a kewayensa. Ba a ganin wannan da hasken da ke zuwa daga sama kawai. Ka kashe fitilar akwatin, ka haska tocilar waya daga gefe, ka jira kifin ya ɗan juya. Ɗigon zai yi walƙiya sau ɗaya ya ɓace, to a nan za ka gane ko cikin tabon yake ko bakinsa.

A kifin da ke kusa da na daji wannan alama tana da ƙarfi ƙwarai. Amma shekara da shekaru masu kiwo suna zaɓen waɗanda suka fi shuɗi suna haɗawa, har aka samu maza da yawa da shuɗin ya mamaye musu tabo. Saboda haka tabo baƙi wuluk ya fi nuna namiji fiye da yadda tabo mai ɗige-ɗige ke nuna mace.

Ba namiji ne mai dogon tsini a fiffiken baya ba?

Haka aka saba faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙayoyin farko na fiffiken gadon baya baƙaƙe ne, kuma a babban namiji ta biyu da ta uku suna miƙewa su zarce sauran. Ƙarshen fiffiken ta wajen wutsiya ma yana yin tsini, haka fiffiken da ke ƙarƙashin ciki ta baya, alhali na mace sun fi gajarta, bakinsu a ɗan zagaye. Fikafikan gaban ciki guda biyu kuwa, na namiji sukan yi tsawo har su taɓo fiffiken da ke bayansu.

To amma ni wannan ce alamar da na fi shakka. Mace mai ƙarfi da ta mamaye akwati tana iya tsirar da ƙaya mai tsawo. Namijin da wani ya fi ƙarfinsa kuma yana kwantar da nasa fiffiken kullum, ko a ciccije masa tsinin a faɗa. Ga kuma irin da aka ƙirƙiro mai dogayen fikafikai, wanda mazansa da matansa duk dogayen fikafikai gare su. Ka ɗauke ta a matsayin shaida ta uku, ba ta farko ba.

Girma fa?

Namiji ya fi girma, jikinsa ya fi miƙewa, goshinsa ya fi tudu. Mace gajera ce mai cika ta ƙasa. Wannan yana aiki ne kawai in kifayen sa'o'in juna ne. A shago ana haɗa na wata uku da na wata shida a akwati ɗaya, sai ƙaramin namiji ya zama "mace" a bakin mai sayarwa.

Shin akwai alamar da ba ta ƙarya?

Akwai, sai dai ba kullum take fitowa ba. Idan lokacin zuba ƙwai ya matso, wani ɗan bututu yana leƙowa a ƙarƙashin ciki, daf da inda fiffiken ƙarƙashin ciki na baya ya fara. Na mace kauri gare shi, bakinsa a daƙushe, domin ta nan ƙwai zai bi. Na namiji siriri ne mai tsini, da ƙyar ake ganinsa. A mace yakan fara bayyana kwana ɗaya ko biyu kafin ta zuba, ya ƙara fitowa a ranar.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki bidiyo da waya daga gefe, kifin yana daidai da idon kyamara, sannan ka tsayar da hoton ka buɗa shi. Kada ka kamo kifin ka juya shi a hannu kamar yadda masu kiwon manyan sikilid ke yi. Ram ba ya jure wannan, kuma abin da kake nema ya yi ƙanƙanta da za ka gani da ido a tafin hannu.

Na duba duk waɗannan, amma kifayena sun koɗe, ba na ganin komai. Me ya faru?

Kafin komai, duba ma'aunin zafin ruwanka. Ram yana son ruwa tsakanin digiri 27 da 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma don hayayyafa 28 zuwa 29 ya fi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa ko ba a hunturu ba ruwan da aka ajiye a ɗaki ba ya kai wannan ɗumi da kansa. A Disamba da Janairu kuwa, wanda ya taɓa yin alwalar asuba da ruwan randa a Bukuru ko Rayfield ya san abin da nake nufi. Ram da ke cikin ruwa mai digiri 22 ba lallai ya mutu nan take ba. Zai dai matse fikafikansa, jikinsa ya yi duhu-duhu ko ya koɗe, ya laɓe bayan dutse, ya rage cin abinci. Ruwan hodar ya tafi, ƙyallin ya tafi, ƙayar ta kwanta. Duk alamomin da muka lissafa sun ɓuya ke nan a lokaci guda. Bayan 'yan makonni kuma sai cutar fararen ɗige-ɗige ta biyo baya.

Don haka hita mai daidaita kanta wajibi ce a garin nan. Ga akwati mai lita 60 zuwa 80, wat 100 ya isa a yawancin ɗakuna. Sai maganar ɗaukewar wuta, wadda ke iya kashe ram a Jos. In kana da sola ko inbata, jona hitar a kai. In babu, ka liƙa kwali ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji a baya da gefunan akwatin da ƙarƙashinsa, ka rufe saman, ka lulluɓe shi da bargo da dare. Gorar roba cike da ruwan ɗumi, a rufe ta gam a saka ta yi yawo a ciki, tana taimakawa kafin gari ya waye. Kada dai a tuttula ruwan zafi kai tsaye.

'Yan'uwanmu na Abuja nasu akasin haka ne. A Maris da Afrilu ruwan akwati na iya haura 32 a ɗakin da ba iska, sai a buɗe murfi a kunna fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan.

Bayan zafi, a ba kifin lokaci. Wanda ya kwana a mota daga Legas yana bukatar mako ɗaya ko biyu na natsuwa da abinci mai kyau kafin launinsa na gaskiya ya dawo. Yashi mai duhu da 'yan tsirrai ma suna sa shi sakin jiki. A akwatin da ba komai sai gilashi da haske, ko babban namiji fari yake zama.

Daga wata nawa ake iya rarrabewa?

Suna balaga tsakanin wata 4 zuwa 6. Ƙasa da santimita 3, duk wanda ya ce maka ya gane, cinta yake yi.

Kifayena ba su da baƙin tabo ko kaɗan. Yaya zan yi?

Wato ka sayi ɗaya daga cikin launukan da masu kiwo suka fitar. Wanda ake kira shuɗin Jamus shi ne ya fi kusa da na asali, kuma duk alamomin suna aiki a kansa. Mai ruwan gwal ba shi da tabo, ko kuma inuwarsa kawai ake gani, amma ruwan hodar mace yana fitowa fes a kan jikinsa mai haske, don haka bai da wuya.

Mai wuyar shi ne wanda masu shago ke kira ilektirik bulu, wanda ya shigo kasuwa a 2009. Shuɗi ya rufe shi daga kumatu har wutsiya, ba tabo, kuma ruwan hodar da ƙyar yake ratsowa. A nan sai siffar jiki da ɗabi'a da bututun ƙwai. Akwai kuma irin da jikinsa baƙi ne, shi ma haka.

Akwai kuma mai kumburarren jiki da ake kira balan-balan. Gajarta ƙashin bayansa aka yi ta hanyar zaɓen masu naƙasa, shi ya sa namiji da mace duk cikinsu a tulluƙe. Ra'ayina, kada ka ɓata lokacinka wajen hayayyafa shi. Yara suna sonsa, gaskiya ne, amma kifi ne da aka haifa da matsala.

Ram na Bolibiya ɗaya ne da wannan?

A'a, ɗan'uwansa ne, sunansa Mikrogeophagus altispinosus, daga kogunan Mamore da Guwapore a Bolibiya da Burazil. Ya fi girma, yana kai santimita 8, launinsa bai kai na wancan ƙyalli ba, kuma macensa ba ta yin ruwan hoda. Ana gane namijin da girma da kuma zaren da ke miƙewa a saman wutsiyarsa da ƙasanta, sauran kuma sai bututun ƙwai. Abin da ya sa na ke yaba shi ga mutumin Jos: yana zama lafiya a digiri 23 zuwa 26, kuma ya fi haƙuri da kuskuren sabon shiga. Hita dai ba makawa a hunturu, amma ɗauke wuta na dare ɗaya ba zai kai shi lahira ba.

Mai shago ya ce zai ba ni miji da mata. In yarda?

Tambaye shi, da girmamawa, "Alhaji, zaɓen juna suka yi ko kai ka haɗa su?" Bambancin babba ne. Ram yana zama da abokiyar zama ɗaya, kuma shi ke zaɓa. Ko ka dace ka samu namiji da mace na gaskiya, in ba su yi wa juna ba, kora da cizo za ka yi ta kallo.

Abin da gogaggu ke yi shi ne su sayi ƙanana shida su rene su tare. Lissafin a fili yake. In maza da mata daidai suke a akwatin shago, ka kamo biyu ido rufe, rabi da rabi ne ka samu jinsi ɗaya. In shida ka kamo, yiwuwar su zama duk maza ko duk mata ɗaya ce cikin 32. Sai dai wani zubin kayan da aka kawo kusan duk maza ne, domin su suka fi kyau a ido kuma suka fi tafiya a kasuwa. Saboda haka kada ka zaɓi shida mafiya girma da ƙyalli. Ɗauki manya biyu ko uku, sauran ka cike da matsakaita masu cikar ciki. Kifin da bai kai santimita 3 ba amma launinsa ya cika kamar na babba, ka yi hattara da shi, don akwai gonakin da ke ba su sinadarin ƙara launi, kuma irin waɗannan sau da yawa ba sa haihuwa, ba sa kuma daɗewa.

In kana da lokaci, ja kujera ka zauna gaban akwatin shagon na minti goma sha biyar. Wani lokaci za ka ga biyu sun riƙe kusurwa ɗaya suna korar kowa. Waɗannan su za ka ce a kamo maka, ko an ƙara kuɗi.

Ta yaya zan san biyu sun haɗu?

Za su daina korar juna su fara korar wasu. Suna tafe tare, suna tsayawa gefe da gefe, fikafikai a buɗe, jiki na ɗan karkarwa. Daga nan sai su zaɓi wuri: faffaɗan dutse, ko gutsuren tayil, ko tsingaron tukunya, ko ɗan rami da suka tona a yashi. Za ka ga suna ta tsattsagar wurin da baki, kamar matar da ke share tsakar gida ranar da baƙi za su zo, wannan ya ciji dutsen ya tofar, waccan ta biyo ta sake bi.

Zubin kansa yawanci da yamma ne, kuma shi ne ke yanke duk wata gardama. Ɗaya za ta sauko ta goga cikinta a kan dutsen a hankali, ta bar layin ƙananan ƙwai a manne, kowanne bai fi milimita ɗaya da rabi ba, ta ɗaga. Ɗayan ya bi ta kan layin bai bar komai da ido zai gani ba. Haka za su yi ta karɓa-karɓa har ƙwai 150 zuwa 300 su taru, babbar mace ma ta fi haka. Wadda ta bar ƙwai ita ce mace. Wanda ya bi baya, muna fata namiji ne.

Me ya sa ka ce "muna fata"?

Domin in babu namiji a akwati, mata biyu na iya haɗuwa su share dutse, ɗaya ta zuba, ko ma su zuba tare, su kuma yi gadi kamar gaske. Ƙwan da namiji ya bi ruwan zuma-zuma ne, kuma a digiri 29 yana ƙyanƙyashewa cikin kamar awa 40, in ruwan ya ɗan fi sanyi ya kai kwana uku. Wanda ba a bi ba fari fat yake zama cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sai gansakuka ta rufe shi. 'Yan ƙwai kaɗan su yi fari ba komai ba ne, iyayen ma za su tsince su. In duka ne suka yi fari, sau biyu sau uku a jere, to ɗaya cikin uku ne: ko mata biyu gare ka, ko namijin bai kai ba ko ba ya haihuwa, ko kuma ruwan ya yi nauyi, wato ma'adanai sun yi yawa a cikinsa. Koma kan bidiyon ranar zubi ka duba bututun kowanne.

Ruwan Jos ya dace da su?

A nan mun yi sa'a. Ram yana son ruwa mara nauyi mai ɗan tsami kaɗan, wato 6 zuwa 7 a ma'aunin tsami na pH, kuma duwatsun Filato ba irin masu narkar da farar ƙasa cikin ruwa ba ne, don haka ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa ba shi da nauyi. Duk da haka unguwa ta bambanta da unguwa, gwaji ya fi zato. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, bayan zubin farko ya wanke rufi, yana da kyau a gauraya da na rijiya. Ruwan tsofaffin kududdufan haƙar kuza kuwa, a bar shi inda yake.

Abin da ram ba ya yafewa shi ne datti. Kada a saka shi a sabon akwatin da matatarsa ba ta yi wata guda tana aiki ba, kuma a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka ɗumama ya yi daidai da na ciki. Bokitin da ya kwana a waje cikin hunturu, in ka juye shi haka, ka gama da su.

Suna cinye ƙwansu. Alamar ba miji da mata ba ne?

Ba lallai ba. Sababbin iyaye sukan cinye zubin farko da na biyu, har na huɗu, kafin su koyi gadi. Tsoro ma yana sa su: yara na buga gilashi, ko a kashe fitila farat ɗaya, ko kifin da ke yawo da dare yana damunsu. Ka rage zirga-zirga gaban akwatin, ka bar ɗan haske mara ƙarfi a ɗakin ya kwana. Lafiyayyar mace tana sake zubawa cikin mako biyu zuwa huɗu, don haka ba a yi asarar komai ba. Wasu zuriyar dai an daɗe ana ƙyanƙyashe su ba tare da iyaye ba, ba sa taɓa koyo. Ga irin waɗannan sai a ɗauke dutsen da ƙwan a mayar wani mazubi mai ruwa iri ɗaya da zafi iri ɗaya, a sa iska tana ɗan bubbugowa kusa da shi, a ɗiga maganin metilin bulu don hana gansakuka.

Namijin ya addabi macen da kora. In raba su?

In korar ta ɗan lokaci ce kuma tana fitowa cin abinci, ƙyale su, amma a ƙara maɓoya da tsirrai yadda ba kullum yake hango ta ba. Akwatin da bai kai santimita 60 a tsawo ba ya yi musu kaɗan. 'Yan ƙananan kifaye masu yawo a sama, irin su tetira mai jure ɗumi, suna ɗauke masa hankali. In ta maƙale a kusurwar sama, launi ya tafi, fikafikai sun yayyage, fitar da ita yau. Sannan ka sake dubanta da kyau bayan ta huta, don sau da yawa "macen" da ake kora haka ƙaramin namiji ne.

Idan 'ya'yan sun fito, yaushe zan gane mazansu da matansu?

Da sauran tafiya. Bayan ƙyanƙyashewa suna kwashe kimanin kwana biyar suna motsi a wuri ɗaya, iyayen suna kwasarsu da baki daga rami zuwa rami, kafin su tashi su fara iyo. Bakinsu ƙanƙane ne ƙwarai, don haka kwana biyu ko uku na farko sai ƙananan halittun ruwan da ido ba ya gani, ko ɗan ƙwaiduwar dafaffen ƙwai da aka dama, kaɗan ƙwarai don tana ɓata ruwa. Bayan haka sai jariran artemiya, wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, waɗanda ake ƙyanƙyashe ƙwansu a ruwan gishiri cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wajen wata uku za ka ga wasu sun fara zarce 'yan'uwansu a girma, kuma mafi yawan waɗannan maza ne. Ruwan hoda a cikin 'yan matan ba ya fitowa sai wata na huɗu ko na biyar. In za ka sayar ko ka ba abokai, ka jira zuwa lokacin, kuma ka nemo jini daga wani wuri ka haɗa da naka, kada ka yi ta haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya.